Tallafin karatun akanta: abin da yake ɗauka da abin da yake bari a wuyanka

Kafin ka cike takardar neman tallafi ko ɗaya, zauna ka rubuta kuɗaɗen da ke gabanka, domin karatun zama ƙwararren akanta ba a biyansa a dunƙule. Akwai kuɗin rajistar farko, akwai na shekara-shekara da ke riƙe sunanka a jerin ɗaliban ƙungiyar akantocin da ke shirya jarrabawar, akwai na kowace jarrabawa, ga na malamai da littattafai. Sai wanda aka fi mantawa da shi: albashin da za ka rasa a makonnin da ka ajiye aiki don bita. Da wuya ka sami tallafin da ya haɗa duka biyar ɗin.

Ɗauki misalin ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci mai hedkwata a Birtaniya. Jarrabawarta 13 ce, manyan ana zama musu sau huɗu a shekara: Maris, Yuni, Satumba da Disamba. Mai digirin akanta zai iya samun a ɗauke masa har guda 9, sai ya yi ta murna, bai san cewa kowace da aka ɗauke sai ya biya kuɗinta ba. Rajistar latti kuma ta fi ta kan lokaci tsada nesa ba kusa ba. Sannan da fam na Ingila ake yanka kuɗin, don haka wanda aka ba tallafi da kuɗin ƙasarsa a watan Janairu yana iya tarar da bai kai ba a Satumba idan canji ya tashi. Ka nemi mai tallafin ya biya ƙungiyar kai tsaye, ko a rubuta cewa kuɗin jarrabawa zai ɗauka ko nawa ya kama.

Ita kanta ACCA tana da tallafin Simpson, wanda ake ba mutum biyar a shekara. Yana ɗaukar kuɗin jarrabawa da na shekara har tsawon shekara biyar, ko zuwa ranar da mutum ya zama cikakken mamba. Amma sai ɗalibin da ya riga ya yi rajista, ya ci jarrabawoyin farko da maki mai tsoka, sannan ya rubuta maƙala. Wato zangon farko daga aljihunka ne, kuma mutum biyar a duniya gaba ɗaya ba abin da za a gina shiri a kansa ba ne.

Wasu ƙasashe tun daga jami'a suke kamo ɗalibi. A Afirka ta Kudu, asusun Thuthuka na SAICA, ƙungiyar akantocin ƙasar, yana biyan kuɗin makaranta, masauki, abinci da littattafai ga 'yan ƙasar da wariyar launin fata ta danne iyayensu, muddin lissafinsu na sakandare ya yi kyau. A Indiya, ICAI, ƙungiyar akantocin ƙasar, ta yanka mafi ƙarancin alawus ɗin da ofishin horo zai riƙa ba ɗalibi duk wata.

Tallafin da ya fi kowane yawan mutane dai shi ne na wurin aiki, kuma a nan ne ake yawan cizon yatsa. Kamfanin binciken asusu zai ɗauke ka da yarjejeniyar horo, ya biya jarrabawa da malamai, ya ba ka hutun karatu, kai kuma kana tara kwanakin aikin da ƙungiya ke buƙata: kwana 450 a tsarin ƙungiyar akantoci ta ICAEW ta Ingila cikin yarjejeniyar da ba ta gaza shekara uku ba, wata 36 a na ACCA. Da kyau. Sai dai ka buɗe shafin da ke maganar mayar da kuɗi, yawanci can wajen ƙarshe yake, ka karanta shi da biro a hannu. Zama na farko kaɗai suke biya, ko har da maimaici? Galibi na farko ne. Faɗuwa nawa ke kawo sallama? A wurare da dama sau biyu a takarda ɗaya ya isa. Idan ka bar aikin, nawa za ka mayar, kuma adadin yana raguwa wata-wata ne ko yana nan daram har wa'adi ya cika? Tambayar da ta fi ciwo ita ce ko wanda aka sallama saboda faɗuwa shi ma zai biya. Idan amsar eh ce, mutum na iya wayar gari ba aiki, ba shaida, ga bashi. Duk abin da manaja ya faɗa da baki ya ce "kada ka damu, ba ma bin kowa", ka roƙe shi cikin ladabi a sa a takarda.

Maimaici shi ne ramin da kuɗi ke zurarewa. Ɗalibi yana ganin wa'adin tallafi na ƙaratowa sai ya ɗora wa kansa takarda uku a zama ɗaya alhali yana aiki, ya faɗi biyu, ya biya su da kansa. Gara ɗaya ko biyu da aka shirya musu. Amma jan ƙafa ma da farashinsa: a ACCA, jarrabawoyin matakin ƙarshe da ka ci suna mutuwa bayan shekara 7 idan ba ka kammala sauran ba.

Wajen nema kuwa, ƙananan abubuwa ne ke kayar da mutane. Sakamakon jarrabawa ba hatimi, shaidar kuɗin shigar iyaye da ta riga ta tsufa, mai ba da shaida da aka tuntuɓa ana saura kwana biyu a rufe. Ka ba shi wata guda, ka haɗa masa da sharuɗɗan tallafin don ya san abin da zai taɓo. Kuma ka duba asusunka na ɗalibi kafin ka tura komai: idan ana bin ka kuɗin shekara, ƙungiya na iya cire sunanka daga rajista, mayar da shi kuma sai ka biya bashin da kuɗin sake rajista.