Ƴan Kallo Ne Ke Ƙara Wa Mai Cin Zali Ƙarfi

Idan yaro ya dawo gida yana kukan cewa wani ya ci zalinsa a makaranta, amsa biyu iyaye suka fi bayarwa. Wasu su ce masa, "Kai ba ka da hannu ne? Ka rama mana." Wasu kuwa su ce, "Yi haƙuri, ka rabu da shi, zai gaji ya bari." A ganina amsoshin nan biyu aibinsu ɗaya ne, domin dukansu suna ɗora nauyin magance matsalar a kan yaron da aka zalunta, alhali kuwa shi ne ya fi kowa rauni a cikin lamarin.

Ya kamata a bambance faɗan yara da cin zali. Sa'anni biyu da suka yi saɓani, suka doki juna, washegari kuma aka gan su suna wasa tare, faɗa suka yi. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Bergen da ke ƙasar Norwe, wanda ya fara binciken wannan matsala tun shekarun 1970, ya nuna cewa abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin a ce cin zali ne: a cutar da yaro da gangan, a riƙa maimaitawa, sannan mai cutarwar ya fi shi ƙarfi, ko na jiki, ko na yawan abokai, ko na farin jini a aji. Wannan sharaɗi na uku shi ne ya sa shawarar ramawa ba ta cika amfani ba, domin da yaron yana iya ramawa, da tun farko ba a zaɓe shi ba. Hukumomin Norwe ba su ɗauki batun da muhimmanci ba sai bayan 1982, lokacin da yara maza uku suka kashe kansu sakamakon tsangwamar ƴan makarantarsu. A 1983 aka ƙaddamar da gangami a faɗin ƙasar. Rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2019 kuma ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya gamu da cin zali aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci binciken.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne matsayin sauran yaran da ke tsaye a wurin. A Kanada, masu bincike Debra Pepler da Wendy Craig sun ɗauki hotunan bidiyo a filayen wasan makarantun firamare, suka gano cewa a kusan kashi 85 cikin 100 na lokutan da ake cin zali akwai wasu yara da ke kallo. Da wuya su sa baki, amma idan ɗayansu ya sa, fiye da rabin lokutan abin yana tsayawa cikin daƙiƙa 10. Wato dai mai cin zali ba domin wanda yake cuta kaɗai yake yi ba. Dariyar ƴan aji yake nema, da shakkar da za a riƙa yi masa, kuma ko shirun mai kallo ma a wurinsa goyon baya ne.

A kan wannan fahimta aka gina shirin yaƙi da cin zali mai suna KiVa a Jami'ar Turku ta ƙasar Finland, ƙarƙashin jagorancin Christina Salmivalli, aka kuma yaɗa shi a makarantun ƙasar daga 2009. Maimakon a yi ta ƙoƙarin sauya halin wanda ake zalunta, sai aka mayar da hankali ga ajin baki ɗaya. Ba a ce wa ƙaramin yaro ya tari wanda ya fi shi ƙarfi ba. Ana koya masa ya ƙi yin dariya, ya zauna kusa da wanda aka ware, ya kira shi cikin wasa, ya kuma gane cewa sanar da malami domin ceton wani ba gulma ba ce.

Manya ma suna da nasu kuskuren, kuma wanda ya fi damuna shi ne a kira yaran biyu a ce su gaisa su yafe wa juna, kamar dai laifin na kowa ne. Wanda aka zalunta zai ce ya yafe saboda tsoro, ɗayan kuma ya fita da sanin cewa ba abin da zai same shi. Gara a saurari kowanne shi kaɗai, a shaida wa mai laifin ƙarara cewa an san abin da yake yi kuma dole ya daina, sannan a dawo bayan mako ɗaya ko biyu a tambayi wanda aka cuta ko abin ya tsaya. Wannan bibiya ita ce aka fi mantawa da ita. Dukan mai laifin a gaban aji kuwa yana tabbatar masa ne da cewa mai ƙarfi shi ke da iko, kuma sau da yawa a kan wanda ya kai ƙararsa yake hucewa a hanyar gida.

Yara da dama ba sa faɗa da bakinsu, sai dai a ga alama: ciwon ciki kowace safiyar makaranta, yagaggun littattafai, kayan da ke yawan ɓata, ko sauya hanyar komawa gida. Idan kuma ta waya ake tsangwamar yaro, kada abin da za a fara yi ya zama ƙwace wayar, domin yaron da ya san za a raba shi da ita zai ɓoye abin da ake yi masa. A ɗauki hoton saƙonnin a ajiye tare da ranakunsu, a toshe mai turowa, a kai ƙara ga masu dandalin, sannan a nuna wa makaranta shaidar idan ɗan makarantarsu ne.