Kullutun Yaya ashe ba tabo ba ne

Shekara da shekaru Yaya na fama da wani kullutu a kafaɗa, mai tauri, ba zafi. Kowa cewa yake tabo ne ya kumbura, har wanzami ya so ya tsaga. Allah Ya sa muka kai shi asibitin koyarwa na Shika. Likita ya ce ido kaɗai ba ya raba gardama, sai da aka yanki ɗan nama aka duba a madubin likita. Sakamako ya fito: DFSP, wani ciwon dajin fata da ba a cika gani ba. Da wuya ya bazu a jiki, amma saiwarsa na ratsa nama, in ba a yanke da faɗi ba sai ya dawo. Alhamis za a yi aikin, ku sa mu a addu'a.