Abin da zan bar wa masu gadon kujerata a duba zanen IC

Na ajiye aikin duba zanen IC, wato 'yar ƙwayar nan mai ɗauke da da'irar lantarki a cikin na'urori, a ƙarshen watan jiya. Ƙannena biyu da za su gaji kujerar sun ce in rubuta musu wani abu, to ga shi. Ba zan ɓata lokaci kan yadda ake kunna manhajojin aikinmu, Magic ta zane ko Netgen ta gwada da'irori, ba, kun fi ni saurin yatsa.

Ku fara riƙe wannan: gwaje-gwajen nan biyu da ake yi wa zane, DRC da LVS, ba tambaya ɗaya suke yi ba. DRC yana duba ko masana'anta za ta iya buga zanen. A SKY130, tsarin ƙera IC na masana'antar SkyWater, wanda aka buɗe wa kowa a 2020, layin met1, wato wayar ƙarfen da ake zanawa a ɗaya daga matakan IC, ba zai gaza maikiromita 0.14 a faɗi ba, tazarar layi da layi ma haka. Irin wannan ne iyakar abin da ya dami DRC. In layi biyu na met1 suka hau juna, a wurinsa sun zama layi ɗaya mai faɗi, babu laifi. LVS ne ke ciro haɗe-haɗen da ke cikin zanen ya gwada su da rubutaccen jerin haɗe-haɗe (SPICE) na da'irar da aka nufa. Saboda haka duk wanda ya ce muku "DRC fes yake, mu tura", bai gama magana ba.

Wanda ya ce mini haka Injiniya ne, shugaban tawagarmu. Lokacin bazara ne, zafin Sakkwato ya wuce arba'in, fankar kwamfutata tana kuka kamar za ta tashi, ga wa'adin miƙa zane ga masu kwangila ya matso. Netgen ya ƙi cewa da'irori sun dace. Rahoton ya fito da dogon jeri, kusan kowane tiranzisto an ce ƙafarsa ba a inda ya kamata take ba. Injiniya ya leƙo ta bayana, ya ja shafin ƙasa sau biyu, ya ce, "Kai yaro, wanga hayaniyar manhaja ce kawai. Mayar da sel ɗina baƙin akwati, a wuce wurin."

Kun san abin da hakan ke nufi. In ka zubar da cikin sel, wato wani yanki na da'irar, a ɓangarorin biyu, na zane da na SPICE, ƙofofinsa kaɗai Netgen zai gwada, ya ce an dace, cikin kuwa ko oho. Ana yin haka ga sel ɗin da wani ya riga ya tantance. Wannan kuwa shi Injiniya ya zana shi da hannunsa, ba wanda ya taɓa dubawa.

Na ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa la'asar." Ban bi jerin nan layi layi ba. Yawan kurakuran da rahoto ya nuna ba shi ne yawan ɓarnar da ke cikin zane ba. In bututun ruwa ya fashe a bakin layi, kowane gida sai ya jiƙe, amma wuri ɗaya za a ɗaure. Na koma saman rahoton, inda ake ƙirga na'urori da wayoyi a kowane ɓangare. Na'urori daidai suke. Wayoyi kuwa, ɓangaren zane ya gaza da ɗaya tak. Waya ta ɓace, ke nan biyu sun haɗe. Na buɗe bayanan da Magic ya zubo lokacin ciro haɗe-haɗe, waɗanda ba mai karantawa, ga gargaɗi nan ƙarara: VPWR da VGND, wato layin wuta da layin ƙasa, sun haɗe. A KLayout, wata manhajar duba zane, na danna layin wuta da abin bin sawun waya, sai layin ƙasa ma ya haskaka tare da shi. Wani ɗan guntun met1 ne a kusurwar sel ɗin Injiniya, da alama ya kwafo shi daga wani wuri ya manta da shi. Da an buga IC ɗin haka, ana ba shi wuta sai ɗumi, bayan watanni na jira da kuɗin mutane.

Na ɗauki hoton wurin na tura masa. Bai amsa ba. Da dare ya goge guntun, washegari Netgen ya ce an dace. A taron da muka yi da masu kwangila ta intanet, da aka tambayi dalilin jinkiri, sai ya ce mai duba zanensu sabon hannu ne, bai saba da karatun rahoto ba, shi ne ya zauna ya warware. Ina zaune a gefensa, har ya dafa kafaɗata. Laifi tudu ne dai. Ban ce uffan ba, kuma har yau in na tuna dafa kafaɗar nan sai in ji ta fi maganar ciwo.

Sauran kuwa gajeru ne. Lakabin ƙofa in bai zauna a matakinsa ba, LVS ba zai gan shi ba: na met1 a mataki mai lamba 68/5 yake, zanen kansa a 68/20. In Magic da KLayout suka saɓa a DRC, ku fara duba ko bugu ɗaya na PDK, wato kundin dokokin masana'anta, suke karantawa kafin ku taɓa zane. Kuskuren fita daga ma'aunin maikiromita 0.005 da ake jera zane a kai yawanci daga kwafo abu ne daga wani fayil. Ku tantance ƙananan sel ɗaya bayan ɗaya kafin ku hau sama, ko na waye. Kada ku fara dogon DRC da batir rabi kuna fatan NEPA.

Saƙon nan mai hoto yana cikin akwatin tawaga da kwanan watansa, ban goge ba. In Injiniya ya sake cewa ku rufe wani sel, ku ce to, Yallaɓai, amma a rubuto muku.