Kafin Ka Karɓi Tayin Kamfanin Inshora Bayan Guguwa

Ranar Lahadin da ta wuce na je duba ɗan ƙanwata a gidan da ya saya bara a yammacin birnin Hustan na jihar Teksas a Amurka, na tarar da shuɗin tamfol a shimfiɗe kan rufin, daidai inda reshen bishiya ya faɗa a safiyar 8 ga Yulin 2024, lokacin da guguwar Beryl ta ratsa garin ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 babu wutar lantarki. Bayan mun gaisa ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini saƙon kamfanin inshora, wanda ya yanka masa kuɗin da bai kai rabin abin da mai gyaran rufi ya nema ba. Na tambaye shi ko ya karanta yarjejeniyar inshorar tasa, ko ya nemi wani masanin doka ya duba masa, sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, gara in karɓa in huta, ba na son doguwar magana." Gabana ya faɗi, domin da bakina na furta wannan magana shekara 7 da suka wuce, kuma har yau ban gama biyan kuɗinta ba.

Guguwar Harvey ta sauka gaɓar Teksas kusa da Rockport a daren 25 ga Agustan 2017, sannan ta tsaya cak tana zubar da ruwa kwana da kwanaki, har aka auna fiye da inci 60 a garin Nederland da ke gabas da mu. A gidana ɓarna iri biyu ce ta auku. Iska ta ɗaye wani sashe na rufi, ruwan sama ya zubo ta silin ɗakuna biyu, bayan kwana biyu kuma ruwan titi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya kai idon sawu. A ganina a lokacin duk ruwa ne, kuma duk guguwa ɗaya ce ta kawo shi. Ban san cewa inshorar gida ta yau da kullum a Amurka tana biyan ɓarnar iska da ruwan da ya biyo ta ramin da iska ta huda ba, amma ba ta biyan ko sisi kan ruwan da ya taso daga ƙasa. Wannan sai wanda ya sayi inshorar ambaliya daban, galibi ta shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968, wanda FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, ke gudanarwa, mai iyakar dala 250,000 kan gini da dala 100,000 kan kayan ɗaki. Ni ban saya ba, domin bankin da ya ba ni rancen gida bai wajabta mini ba, tun da unguwarmu ba ta cikin taswirar wuraren ambaliya. Har yanzu ina ganin ba ni da laifi a nan sosai, domin akasarin maƙwabtana haka suka yi, kuma mutumin da ke aiki biyu yana aika kuɗi gida ba ya neman ƙarin abin biya a kowane wata.

Kuskurena na ainihi daga baya ya fara. Da ruwa ya janye, wari ya ishe mu, sai na tara 'yan'uwa muka kwashe darduma da katifu da ruɓaɓɓen silin muka jibge a bakin titi, motar shara ta ɗauke, ban ɗauki hoto ba sai guda uku ko huɗu da na aika wa mahaifiyata don hankalinta ya kwanta cewa muna raye. Sai tsakiyar Satumba na sanar da kamfanin, alhali lauyoyi sun yi ta shela a kafafen labarai cewa a shigar da buƙata a rubuce kafin 1 ga Satumba, ranar da sabuwar dokar jihar ta fara aiki, wadda ta rage tarar da ake cin kamfani idan ya jinkirta biya daga kashi 18 cikin 100 a shekara zuwa kusan kashi 10. Na ji shelar, amma na ɗauka tallan neman kasuwa ce kawai. Da mai kiyasin ɓarna na kamfanin ya zo, na karɓe shi kamar baƙo, na ba shi shayi, na zauna ina ba shi labarin yadda ruwa ya shigo ta ƙofa, domin shi ne abin da ya fi firgita ni. Bai hau rufin ya daɗe ba. A watan Oktoba wasiƙa ta zo tana cewa galibin ɓarnar ta ambaliya ce, an amince da ɗan facin rufi kawai, kuma daga wannan ma aka cire kason da mai gida ke ɗauka da kansa. Wannan kaso, idan ɓarnar iska ce, yawanci ana lissafa shi ne da kashi 1 ko 2 cikin 100 na darajar da aka yi wa gidan inshora a kanta, wato mai gidan dala 300,000 da ke kan kashi 2 sai ya fara haɗiye dala 6,000 kafin kamfani ya biya komai.

Matata ta ce mu nemi lauya, na ƙi. Na ce ƙaddara ce, Allah ya tsare mana rai, wasu sun rasa 'ya'ya, ni kuma in tsaya shari'a kan silin. Gaskiyar magana, da tsoro a ciki. Takardun zamana ɗan ƙasa suna hannun hukuma a lokacin, kuma na taso da tunanin cewa mutumin kirki ba ya taka kotu, mai neman zama a ƙasar wasu kuwa bai kamata a ji sunansa a wata rigima ba. Daga baya na gane cewa neman haƙƙinka daga kamfanin da ka yi shekaru kana biya ba laifi ba ne, amma wanda bai taɓa zaman jiran takarda ba ba zai fahimci yadda take ɗaure wa mutum baki ba. Na sa cakin a banki, na ci bashi a katin banki na yi sauran gyaran, na kuma ɗauka cewa karɓar cakin ya rufe magana har abada.

Sai a Janairun 2020, da silin ya sake zuba kuma mai gyara ya nuna mini katakon rufi da ya ruɓe tun daga wancan lokaci, na je wurin wata lauya. Ta karanta yarjejeniyar a gabana cikin minti kaɗan, ta ce karɓar cakin bai hana ni neman ƙari ba tun da ban sa hannu a takardar yafe sauran haƙƙi ba. Ta nuna mini wani sashe da ya ba ni damar ɗaukar nawa mai kiyasi, kamfani ya ɗauki nasa, idan suka saɓa a kawo na uku ya raba gardama. Sannan ta sa yatsa a kan wani layi da ya ce duk ƙarar da za a shigar sai cikin shekara 2 da kwana 1, ta lissafa daga ranar wasiƙar Oktoba, ta ce na makara da wata uku. Ba ta karɓi ko dala ɗaya ba don wannan zama, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin tsoron kuɗin lauya na cikin dalilan da na riƙa kafa wa matata.

Na yi niyyar jera wa yaron nan shawarwari masu yawa, har na rubuta su a takarda, amma da na ga idonsa na komawa kan waya sai na taƙaita. Abin mamaki da ku yaran yanzu shi ne, za ku ɗauki bidiyon bishiya tana faɗuwa ku watsa a TikTok, amma ba za ku ɗauki hoton kowane ɗaki da kowane rasit ku adana ba. Kada ka zubar da komai sai ka ɗauke shi hoto, kuma duk maganar da ka yi da kamfani ka bi ta da rubutu mai kwanan wata. Dokar Teksas ta ba kamfani kwana 15 ya amsa cewa buƙatarka ta iso, kwana 15 na aiki ya amince ko ya ƙi bayan ya karɓi duk takardun da ya nema, da kwana 5 na aiki ya biya, ana kuma ƙara masa kwana 15 idan an ayyana bala'i. Wanda ba shi da rubutu ba zai iya nuna ranar da lissafin ya fara ba.

Sannan ka ga lauya tun yanzu, kada ka jira sai an ƙi ka, domin ko ƙarar ma sai an ba kamfani sanarwar kwana 61 kafin a shigar da ita. Amma kuma kada ka yi gaggawar ɗaukarsa. Na san maganar tawa ta ci karo da juna, sai dai haka abin yake: lauyan da ba ya karɓar kuɗi sai an yi nasara yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kuma idan bambancin da ke tsakaninka da kamfani dala 4,000 ne, abin da zai rage maka ba zai gyara rufi ba. A irin wannan, mai kiyasi mai zaman kansa da ke da lasisin hukumar inshora ta jihar ya fi, tun da doka ta hana ladansa wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin da kamfani ya biya, kuma kai ƙorafi ga hukumar kanta kyauta ne. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya zuwa ƙungiyar Lone Star Legal Aid, wadda ke taimaka wa marasa hali ba tare da kuɗi ba. Wanda kuwa ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce shi mai gyaran rufi ne, zai yi maka ciniki da kamfani, zai kuma yafe maka kasonka, ka sallame shi, domin duka biyun dokar jihar ta hana.

Yaron ya saurare ni da ladabi, ya ce, "To Kawu, zan bincika a intanet." Na ce masa binciken intanet ba zai karanta masa shafuka 40 na yarjejeniyarsa ba, na sa shi ya buga ta a takarda a gabana, na kuma kira mahaifiyarsa na gaya mata kada ta bar shi ya taɓa saƙon nan. Na samo masa ganawa da lauya ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe, na ce ni zan zo in ɗauke shi da motata, tun da na san idan na bar shi zai ce aiki ya riƙe shi.