Tsofaffin kuɗin Iya da koren da ya kama su

Bayan sadakar arba'in ɗin kakata, Allah ya jiƙanta, muna kwashe kayan ɗakinta a ƙauyenmu da ke gefen Ringim, sai na ci karo da wani ƙullin tsumma a cikin tsohuwar tukunya, dab da gindin randa. Da na kwance sai ga kuɗin da: kwabbai masu huda da tauraro mai tsini shida, ɗari (wato rabin kwabo), anini, sule mai hoton bishiyar kwakwa, da 'yan kwabbai na 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Kawu ya ɗauki sulen ya juya shi, ya ce, "Kuɗin gyaɗa ne wannan, ɗana. Lokacin jirgin Nguru na tsayawa ana lodi."

Fiye da rabinsu sun yi kore. Na yi abin da kowace uwa ke yi wa tasa da kwanon tagulla: na jiƙa tsamiya, na tsoma kwabo ɗaya na 1959, na goge da toka. Koren ya fita kam, amma kwabon ya koma ja fayau kamar ɗanyen nama, fuskarsa duk ta yi zane-zane, ga 'yan ramuka da da ban gan su ba. Har yau in na kalle shi sai raina ya ɓaci, don abin Iya ne na lalata da hannuna.

Daga nan na dakata na yi ta karatu a waya, na gane koren ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai duhu, mai santsi, wanda ya manne da ƙarfen. Shi wannan rufi ne da tagulla ke yi wa kanta a tsawon shekaru, yana kare ta, kuma masu tara tsofaffin kuɗi shi suke so su gani. Akwai kuma kore mai haske, mai gari-gari, wanda in ka taɓa da farce zai zubo. Wannan shi ne cutar. Gishiri ne ke haɗuwa da tagulla, in danshi ya samu shiga sai su haifar da asid mai cin ƙarfen daga ciki. Gumin hannu, tsumman da aka ɗaura a ƙugu shekara da shekaru, da raɓar randa sun isa su jawo shi.

Masu koren santsi ban taɓa su ba. Masu garin guda bakwai na ware. Na sayo tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, na tabbatar ba mai asid ba ne, don ruwan rijiyarmu yana da ɗan zartsi. Na riƙa jiƙa su a kofin gilashi ina canza ruwan kullum, da safe in zauna bakin zaure in ɗan tsokane garin da tsinken sakace. Allura kam a'a, tana karce ƙarfe. Bayan mako biyu na koma jiƙo da bakar soda haɗe da sodar wanki, ɗan kaɗan cikin ruwa mai yawa. Ruwan ya riƙa yin shuɗi-shuɗi, alamar yana jan abin.

Kawu ya ce me zai hana in sa kanwa, tunda ga ta a gida. Gaskiyarsa ta wani fanni, sinadarin da ke cikinta ɗan'uwan wannan haɗin ne. Amma kanwar kasuwa tana tafe da gishiri da ƙasa, gishirin kuwa shi ne ya fara jawo matsalar.

Na ɗauraye su, na shanya a rana har suka bushe ƙayau. Biyar sun tsaya. Biyu kuwa, da damina ta kankama sai koren ya sake tsirowa a cikin ramukan, na mayar da su jiƙo. Ramin da ya riga ya cinye ba ya cikewa.

Yanzu kowanne yana cikin 'yar takardarsa, ba a leda mai laushi ba, don wasu ledojin suna fitar da wani kore mai danƙo. Suna saman kabad, nesa da randa, kuma ta gefe nake riƙe su in Kawu ya zo ya ce a nuna masa sulen.