Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rijiyar da Ruwa Ya Ci

Na san na yi alƙawarin labarin auren Yaya Babba, amma ku yi haƙuri, rijiyar man nan ce ta tsaya mini a rai.

A watan Agustan 1990 Iraƙi ta mamaye Kuwait, farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi. Mu da ke fadamun bayan Warri muka shiga uku, kullum maganar ƙarin ganga. Oga ya ce a buɗe cok ɗin rijiyar, wato maƙogwaron da ke iyakance yawan man da ke fitowa, daga lamba 24 zuwa 40. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa na kusa da gindinta." Ya ce aikina ɗibar samfur ne, ba shawara ba. A gaban yara ya faɗa. Ni da na fito daga PTI, makarantar koyon aikin man fetur ta Effurun, da sakamakon da har Baffa ya sa aka yanka rago!

Baffa kuwa ya sha faɗa mana cewa mai tatsar da ba ya tsagaitawa, jini zai tatso.

Shi mai ba tafki ne a ƙarƙashin ƙasa ba. Cikin ƙofofin dutsen yashi yake, gas a sama, ruwan gishiri a ƙasa don ya fi nauyi. Ruwan ne ma ke turo man, in an bi shi a hankali. In aka zuƙa da ƙarfi sai ya yi tsini ya taso har ya kai hudojin bututu, kuma ya fi mai saurin ratsa dutse. Da ya sami hanya ba ya sakinta. Man sai ya maƙale a gefe, yana nan amma ba ya zuwa.

Ni nake juya kwalbar samfur a inji kowace safiya. Da can ruwan ɗan layi ne a gindin kwalba. Kafin wata damina ya haura rabi, ga yashi kwance ƙarƙashinsa. Gishiri ya ci bawul, tsatsa ta huda bututu, tankin rarrabewa ya cika da wani kauri mai ruwan ƙasa da sai an zuba magani yake rabuwa. Daga baya nauyin ruwan cikin bututu ya fi ƙarfin matsin ƙasa, rijiya ta yi shiru. Aka hura mata gas, ta farfaɗo, amma yawanci ruwa take amayowa.

Shekaru bayan haka, ranar sadakar ukun Baffa, ana ta addu'a, maganar tatsar nan ce ke yawo a kaina.

An mayar da cok 24, amma bakin alƙalami ya bushe. Oga ya sami ƙarin girma saboda gangunan watannin farko. A rahoto aka rubuta wai halin dutsen ne. Littafin samfurina, da rubutun hannuna da kwanan kowace rana, yana cikin akwatin Hajiya har yau, duk mai musu ya zo ya duba.