Humvee a gwanjon sojan Amurka: abin da ke jiran mai saye

A watan Disamban 2014 aka fara sayar wa farar hula tsofaffin Humvee, motocin sojan Amurka masu shiga kowane irin daji, ta shafin gwanjo na GovPlanet, inda tayi ya tashi daga dala 10,000. Kuɗin da aka sallama motar a kai somin-taɓi ne kawai.

Ko ka biya, ba za ka ɗauki mota ba sai ka cike takardar EUC, wadda ke bayyana ko kai wane ne da abin da za ka yi da ita, hukuma ta tantance ka. Wannan kan ci makonni, wani lokaci watanni. Sai takardar SF97, da ita ake neman shaidar mallaka, amma wasu jihohin Amurka ba sa yarda a yi mata lambar hawa titi. Fitar da ita daga Amurka ba da izini ba laifi ne. A Najeriya kuma shigo da irinta na buƙatar izinin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sannan doka ta hana farar hula amfani da koren fentin soja a mota.

Samfurin Humvee na M998 yana da injin dizal mai lita 6.2 da giya uku. Giya ukun nan ne ke sa injin kuka a kan kwalta da zarar an kusa gudun kilomita 90 a awa. Mai lita 6.5 da giya huɗu ya fi, ya kuma cancanci ƙarin kuɗinsa.

Wutarta bolt 24 ce, batir biyu a jere. Kada a canza ɗaya a bar ɗaya, domin tsohon zai kashe sabon. Idan ta ƙi tashi da sanyin safiya, a fara duba fulogin ɗumama injin guda takwas da akwatin da ke ba su wuta. Idan akwatin ya lalace yakan bar su a kunne har su ƙone, kansu ya kumbura, cirowa ya zama aiki.

Inda masu saye suka fi sakaci shi ne ƙafafu. Kowace ƙafa tana da ƙaramin akwatin giya mai nasa mai, shi ne ke ɗaga cikin motar kusan santimita 40 daga ƙasa. Motar da ta shekara a ajiye robobin da ke tare man sun bushe, mai ya zurare, giyar ta riƙa cin kanta. A buɗe duka huɗun a duba kafin a yi ko kilomita ɗaya. Tayar inci 37 ce a kan wili mai inci 16.5, girman da ba kowane shago ke ajiyewa ba. Ko zanenta sabo fil, a karanta shekarar da aka buga a gefenta, don tsohuwar roba fashewa take yi in ta ɗau zafi. Wilin gida biyu ne da aka ɗaure da noti, kuma kwance shi da iska a ciki na iya kashe mutum. A sace iskar tas tukuna.